Gadon da Alƙali Bai Raba Ba

Daren da zazzaɓi ya shanye Tsahara
na ɗauko ta a kabu-kabuna, uwarta na rungume da ita a baya,
muka ratso Bagalam, ruwan Agusta har ƙwauri.
Lokotoro ya ja fatar idonta ƙasa,
fari fat kamar ƙullun gero.
Ya ce: jini.

Na naɗe hannun riga tun bai rufe baki ba.
Wa zai riga uba?
Suka ɗiga nawa a kan farin tangaran,
suka ɗiga na Barira.
Ni A. Ita B.
Yarinya kuwa O,
harafi mai kama da bakin rijiya.
Na leƙa, ban ga fuskata a ciki ba.

Ban ce komai ba, Allah shaida.
Amma Barira ta ji abin da ban faɗa ba,
ta gyara lulluɓi, ta juya ga bango.
Aurenmu na shekara goma sha ɗaya
ya tsaya a kan ɗigo guda yana rawa.

Malama Sa'ade mai gwajin jini
ta dube ni ta saman tabarau. Ta ga irina da yawa.
Ta zaro gyaɗa daga aljihun farar riga,
guzurin kwanan aiki,
ta fasa kwanso: ƙwaya biyu.
Ta ce, kowa haka yake tafe,
ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.
Taka guda A ce, mai baki, ita ke amsa sallama,
'yar'uwarta O na ƙuryar ɗaki, ko tari ba ta yi.
Matarka ma haka, B a zaure, O a ciki.
Ranar da aka yi rabon yarinyar nan
kai ka ba da mai shirun, ita ma ta ba da mai shirun,
shiru biyu suka haɗu, sai aka ji su.

Kunya ta fi allura shiga jiki.

Ta ce, bar sunkuyar da kai, ba lokaci.
O ba ya saukar baƙo, sai nasa.
Firjinmu wayam, damina ta cinye.
Wa kake da shi?

Wa nake da shi?
Ilu, ƙanena, can Jiratawa,
wanda muka yi damina huɗu ba ko gaisuwa
kan taki bakwai na gonar tsoho a bakin Gulbi,
har gaban alƙali, har aka dasa gamba a tsakani.
Na tuna katinsa, shekarar da muka nemi farmi tare:
zagaye ɗaya, na yi masa dariya, na ce sifiri aka ba shi.
Na buga waya. Ta yi ƙara sau uku.
Na ce, Tsahara ce.
Bai tambaye ni taki nawa ba.

Ya iso da laka har gwiwa kafin kiran assalatu,
ya miƙa hannu, ya kau da kai,
tun muna yara tsoron allura yake.
Leda ta cika a hankali,
ja kamar akuyar garinmu idan ruwa ya dake ta.

Tsoho ya bar gona, mun raba da igiya.
Ashe an bar mana wani abu da igiya ba ta aunawa:
a jikin Ilu ya fito fili,
a nawa ya laɓe shekara arba'in
yana jiran wannan yarinya.

Da hantsi Tsahara ta buɗe ido, ta ce koko.
Na sayo da ƙosai a ƙofar likita.
Barira ta karɓa ba ta dubi hannuna ba,
ta ba yarinya, ta zuba wa Ilu,
sannan ta tura mini ragowar da gefen ƙafa, a hankali.
Na sha. Da sauran zafi.
Kwanson gyaɗar nan yana aljihuna har yau,
ina jiran ranar da bakina zai iya.