Kabeji Mai Tsami a Kakuri

Baba ne ya tayar da zancen,
wata Laraba, ana yayyafi:
"Uwani, kafin haƙoran nan su ƙare,
ina son in ci kabejin Jamus."

Shekara arba'in da 'yan kai
tun da masaƙa ta tura shi koyon inji,
ya yi wata tara a wani gari
da har yau harshena ke tuntuɓe da sunansa.
Masaƙar ta mutu, ciyawa ta cinye ƙofarta.
Jiniyar da ke tashin Kakuri da asuba
ta yi shiru tun ina firamare.
Amma ɗanɗano ba ya ritaya.

Na sayo kai uku a lambun bakin kogi,
na yanka siri-siri kamar gemun masara,
na zuba gishiri, na murza, na matse
har kabejin ya yi hawaye a tafina.
Na danna shi cikin tsohuwar kwalbar alewa,
na ɗora masa ɗan dutsen niƙan Inna,
na ajiye shi a gindin randa,
inda sanyi ke kwana.

Kwana huɗu, ya fara kumfa.
Kwana shida, Maman Godiya ta leƙo ta katanga:
"Ɓera ne ya mutu muku?"
Na ce, ke da ke shanya daddawa a kan rufi?
Lallai laifi tudu ne.

Sallau mahauci sai da ya yi salati
da ya ji tsiran alade zan yi.
Na ce, ajiye wuƙarka, suna ne kawai.
Naman sa nake so, da ɗan kitse,
da hanjin rago wanda ba a huda ba.

Wankin hanji sai mai haƙuri.
Na niƙa nama, na sa masoro, tafarnuwa, ɗan citta,
Baba daga kan tabarma yana kashedi:
"Ban da barkono! Su ba su san shi ba."
Wuyan robar lemo ya zama mazurari,
babban yatsa ya zama inji.
Biyu suka fashe.
Bakwai suka tsira.

Daren kwana na goma sha biyu
aka ɗauke wuta, kamar da gayya.
Kurfoti, gawayi, fitilar waya a haƙorina.
Kasko ya ɗau surutu, fata ta yi ja tana tsagewa,
albasa ta narke, kabejin ya bi bayanta,
tsami ya tashi ya cika tsakar gida.
Dankalin turawa ya nuna can gefe,
bai ce wa kowa komai ba.

Baba ya sa hularsa ta Juma'a,
ya ce a ba shi cokali mai yatsu.
Ya yanka. Ya tauna. Ya daɗe.
Indararo na ɗiga cikin bokiti.
Na ce, Baba, ya yi?

Ya ce, "Ya yi. Shi ne, sak.
Haka na ƙi jininsa a can ma.
Kullum sai na runtse ido in haɗiye
ina tuna miyar kukar gyatumata,
ƙanƙara na zuba a bayan taga,
wani Ginta na dukan kafaɗata yana dariya.
Ashirin da huɗu gare ni lokacin.
Hannun nan bai san rawa ba."

Ya dubi hannun, ya dubi kwalbar.
"Na ɗauka yaron yana ciki," in ji shi.
Sannan: "Miƙo min yajin ƙulin nan."

Ya barbaɗa har kabejin ya ɓace,
ya ajiye cokali, ya sa hannu,
ya share farantin tas.

Saura na miƙa wa Maman Godiya ta katanga.
Da safe kwanon ya dawo a wanke,
babu yabo, babu suka,
sai ƙullin daddawa uku a ciki.