Abin da Haske Ya Zubar a Hanya

Yayata Tsahara ba ta taɓa ganin abin da take nema ba.
Shekara ashirin da shida tana bin sawunsa,
ta san nauyinsa, ta san inda yake lanƙwasa,
amma ido da ido, ko sau ɗaya.

Ni ne mai gyaran injin wutar ɗakin bincikenta.
In wuta ta ɗauke, ni take kira, ko sallama babu.

Ɗigon jini a kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba.
Ta aiki haske ya ratsa shi,
ta tare shi a ɗaya gefen
ta ƙirga abin da ya zubar a hanya.
"Ai haka Inna take yi," in ji ta,
"in ta aike ka da tiyar gyaɗa wurin niƙa,
da ɗagawa ta san ko ka kai baki."

Furotin, ta ce, carbi ne mai ƙwaya fiye da ɗari
da ya naɗe kansa kamar gammo.
A sauya ƙwaya ɗaya tak,
sai ya manne wa ɗan'uwansa,
jini ya koma lauje.

Laujen nan ya girbe mana Ɗanjimo
yana shekara tara, cikin Agusta,
ranar da Gulbi ya cika ya tare mana hanya.
Ba ta yi kuka a gabanmu ba.
Tambaya ta yi wa malamin asibiti: me ke cikin jinin?
Ya ce ta matsa, akwai layi.

Daga nan Yamai, daga Yamai ƙasar sanyi,
wasiƙu masu gajerun gaisuwa.
Ta dawo da na'ura cikin akwatin katako,
wata bakwai tana kwance a Kwatano,
da aka buɗe, madubi ɗaya ya tsage.
Ta sayar da filinta na hanyar Madarunfa ta sayi wani.

Yanzu furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali.
Matan unguwa na kawo mata yara masu ciwon ƙashi,
ta ce ita ba likita ba ce,
ta biya musu kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti,
ta koma ciki ta daɗe ba ta kunna komai ba.

Wani lokaci takan kira ni gaban allo:
"Ka ga ɗan tudun nan? Nan ya fara karkacewa."
Ni dai layi nake gani, kamar kunyar gona.
Nakan ce na gani.

Jiya da dare wuta ta sake ɗaukewa.
Na ja igiya sau huɗu kafin injin ya amsa.
Fitilar na'urar sai ta yi rabin awa tana ɗumi
kafin a yarda da maganarta,
sai muka zauna bakin ƙofa,
ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli, ta miƙo mini babban,
tana duba agogo.