Yashin da Ya Biyo Ni Gida

Shazali, kwance shi a hankali,
ajiye gudumar nan.
Babur ɗin nan ya fi ni haƙuri:
kwana goma sha tara yana ɗauke da ni,
bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ga ni a bencin rumfarka, nan Tudun Wada,
ƙafa ɗaya kan tsohuwar taya,
yaranka na dariyar hancina
da ya saɓule kamar dafaffen dankali.
Ƙyale su su dara. Ba su je ba.

Ka buɗe kafireta, me ka gani?
Yashi ko? Kada ka hure.
Zuba mini a takardar nan.
Dube shi, ja ne, laushi kamar garin tuwo,
ba irin na bakin Kubanni ba.

Mun bar Kwangila ana sallame asuba,
ni da Ishiyaku, kowa da nasa,
jarka biyu a baya, ta mai da ta ruwa.
A Maraɗi aka kira shi, matarsa ta sauka.
Ya juya yana murna yana ba ni haƙuri.
Na ce gaida jariri. Ban juya ba.

Daga Tawa rana ta daina wasa.
Sirdi ya zama kasko,
ruwan jarka ya zama shayin da ba ganye,
iska na fitowa kamar daga bakin maƙera.
Kawalwalniya ta shimfiɗa mini tafki,
na bi shi tun hantsi har azahar,
ko tayar gaba bai jiƙa mini ba.

Bayan Abalak sarƙa ta tsinke.
Ƙas! Sai shiru.
Shazali, ka taɓa jin shirun da ke da nauyi?
Ba hon, ba lasifika, ba mai tallan rake,
sai inji na ƙyas-ƙyas yana hucewa,
da inuwar wata ƙaya
wadda ko kaina ba ta rufe ba.

Can la'asar wani tsoho ya ɓullo kan raƙumi,
Agali sunansa.
Ya hura gawayi kafin ya tambaye ni komai.
Kofi na farko: me kake sayarwa? Ba komai.
Na biyu: wa ya rasu? Ba kowa.
Na uku ya daɗe yana kallona,
ya ce, to lafiya?
Har yau ban ba shi amsa ba.

Shi ya kwance waya daga sirdin raƙuminsa,
muka ɗaure sarƙa da hasken tocila.
Na miƙa kuɗi, ya duba sama,
kamar na nuna masa abin kunya.
Daren nan taurari sun sauko har kafaɗa,
na kwanta jikin babur ina jin ɗuminsa,
ina tuna masar Ƙofar Doka.
Ban yi barci ba.

Agadas? Na isa. Na sha ruwa, na yi aski,
na kwana biyu na ɗauro kaya.
Abin da na je nema, in akwai shi,
yana can tsakanin rijiya da rijiya,
ba a cikin gari ba.

Da na hango Kufena ta bayan Shika,
hadari ya taso, ruwa ya sauko.
Kowa na gudu yana neman rumfa,
ni na cire hular kwano, na rage giya.
Goggo Talatuwa ta ce, duk wannan wahala
cuku uku ka kawo?
Ban musa ba.

Canja baƙin mai, canja fulogi,
sa sabuwar sarƙa, rubuta a bashina.
Amma wayar nan ta Agali,
naɗa mini ita a ƙaho.

Kuma duba tayar baya da kyau.
A'a, tambaya kawai nake.
An ce akwai hanya bayan Agadas.
Ban ce zan je ba.