Ɗinkin Wuta

A bayan Kasuwar Dole muka tsinto ta,
katkat ce, shekara tara da mutuwa,
kaji na ƙwai a mazaunin direba,
akuya ta haihu a ƙarƙashinta.
Mutari ya ƙwanƙwasa gindin da guduma,
ya kasa kunne kamar mai sayen tukunya,
ya ce, "Ƙashi na nan. Nama ne ya tafi."

Amalanken shanu ya ja ta har Garin Malam,
yara na biye suna ihu:
"Ga gawar da za ta shiga tsere!"

Injin na wata ce da ta kife a hanyar Gure.
Akusur na tsohuwar motar asibiti ne.
Giya kuwa, sai da Kyari ya kwana uku a Maraɗi,
ya dawo da ita cikin buhun gero,
aljihu wayam, baki har kunne.
Mota ɗaya, uwa biyar,
kowane noti da labarin hatsarinsa.

Ni nawa aikin na wuta ne.
Na ɗaga ta taki biyu daga ƙasa
kada duwatsun Damagaram su farke mata ciki,
na liƙa faranti a ƙarƙashin tanki,
sannan na shiga da bututun ƙarfe,
na lanƙwasa, na gicciya, na ɗinke,
haƙarƙari a cikin haƙarƙari.
In an ɗauke lantarki mu sha shayi,
in an kawo, ko tsakar dare ne, in tashi.

Mutari ya ce nauyin ya yi yawa:
"Kilo saba'in, Habu! Gudu fa muke nema."
Ban tanka ba.
Shi yana gina ta don ranar da za ta tashi,
ni ina gina ta don ranar da za ta faɗi.
Bai ga Tanimun a hanyar Tanut ba,
rufi ya sauko masa har ƙirji
kamar an taka gwangwanin madara.
Ni na gani.
Ni na yanka ƙarfen aka zaro ƙanena.

Da dare idanuna cike da tsakuwa,
Barira ta ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma
tana ƙirga jarkar da ta rage:
"Kwana shida famfo bai ce uffan ba,
ka kwashi ruwan tuwo ka ba lagireto."
Na ce rance ne.
Ta ce ƙarfe ba ya biyan bashi.

Wata bakwai.
Ranar wata Laraba ta yi tari uku,
ta tofar da baƙin hayaƙi,
sannan ta buɗe murya,
tantabarun unguwa suka watse,
mai tsire ya bar wuƙarsa ya zo kallo.

Kujera biyu gare ta, babu ta mai walda.
Suka bi ta Mirya, ta gindin kukoki,
suka nufi tuddan yashi bayan Gidimuni,
ni na zauna gyaran ƙafar kujerar wani
da waya a kan gwiwata.

Rana ta uku, bayan la'asar, ta yi ƙara.
Muryar Kyari, iska na cin rabinta:
tudu ya yaudare su,
ta wuntsila sau biyu, ta kwanta rigingine.
Na ce, "Mutari fa?"
Ya ce, "Ga shi nan yana zagin taya."

A bayan kamiyo aka dawo da ita,
ba gilashi, ba fitila, ba kofi,
rufin ya lotsa har ya sami bututuna,
a nan ya tsaya.
Mutari ya sauko da ƙafafunsa, yana ɗingishi,
ya roƙi ruwa a ƙofar gidana.
Barira ta cika masa kwano har baki,
ta tsaya tana kallon maƙogwaronsa yana motsi,
ba ta dube ni ba.

Na rarrafa ciki da ɗan alli a kunne,
ina bin ɗinkin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.
Arba'in da uku ne.
Ɗaya ya tsage, can bayan kafaɗar direba,
wanda na yi daren da barci ya ci ni.

Na zagaye shi da alli.
Na aiki yaro ya dubo ko an kawo wuta.