Littafin Ma'aji

Ni anka ba littafi, don ni ke da biro
kuma ba ni da bakin gardama.
Shafin farko: Mabera, lungun Arzika mai walda,
daren Talata bayan lisha,
mutum sha tara, fitila ɗaya.

Bara ruwa ya shigo mana da asuba, babu sallama.
Ya ɗauke geron Tumba, ya bar mata buhun.
Ya kwana shida ɗakin Nomau kamar mai bin bashi.
Gidan tudu, inda anka ɗaga dakali taki uku,
ko takalmi bai jiƙe ba.
Abin da katangarsu ta kora, mu munka sha.

Bazara ta zo da nata.
Kwano na huci har tsakar dare, wuta babu,
tsoho Modi ya kwana gindin randa yana jiƙa rawani.

Macciɗo ya ce kowane gida dubu biyu, daidai wa daida.
Inno Hajo ta gyara mayafi:
"Wanga lissafi na wa ne?
Akuya da raƙumi ka aza wa kaya guda?"
Anka yi tsit.
Sai na soke layin, na sake:
mai shago, siminti.
Ɗan kabu-kabu, jigila.
Wanda ba shi da ko sisi, safiyarsa da shebur,
kuma sunansa sama da na mai siminti,
don shi ya riga zuwa.

Asabar munka buɗe cikin kwalbati.
Leda, leda, leda,
takalmi ƙafa guda, gawar rediyo,
da ƙunshin sharar da na gane ɗaurinta,
don ni na ɗaure.
Ban faɗa wa kowa ba. Na dai ƙara zurfin shebur.

Dashe arba'in munka samo, dogonyaro da zogale.
Wa za a fara ba?
Da azahar munka fita, munka tuɓe takalma,
inda ƙafa ta kasa tsayawa, nan munka sa alama:
gaban murhun Tumba mai ƙosai,
layin famfo inda yara ke gasuwa da jarka,
bangon Modi na yamma.
Alhaji Marafa ya so biyu ƙofar gidansa.
Munka ce ɗakinka na da sanyin inji, ka dakata.
Mako biyu bai amsa gaisuwa ba.
Na uku, sai ga tankin ruwa, babu saƙo.
Na rubuta shi kamar na kowa.

Kowane dashe da mai renonsa.
Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa,
babu wanda ke zuba banza yanzu.
Awaki sunka ci sha ɗaya.
Wannan ma na rubuta, har da sunan masu awakin,
cikinsu akwai ƙanwata.

Daren da hadari ya taso daga gabas
babu wanda ya kwanta.
Muna tsaye bakin zaure muna kallon ruwa
yana wucewa kamar baƙon da ba mu ya zo wa ba.
Ɗakin Nomau dai ya leƙa, iyakar idon sawu.
Yara sunka yi guɗa, ni ma na kusa.

Da safe sai ga mutanen gangare,
wandunansu a naɗe, tabo har gwiwa:
"Ruwan da kunka sallama, mu ya sauka wa."
Inno Hajo ta dube ni, na dubi littafi.
Ashe mu ma gidan tudu ne ga wasu.
Munka matsa, tabarma ta ɗauke mu duka.

Shafin yau:
saura naira ɗari takwas da hamsin,
bashin siminti buhu biyu,
taron Talata, mutum talatin da ɗaya, fitilar nan dai ɗaya.
Itace ashirin da tara na tsaye,
babbansu ya kai kafaɗar ɗiyata Kulu.
Inuwarsa ba ta wuce faifai ba,
amma jiya na tarar da kazar Tumba kwance ciki.