Tagwaye a Kan Allon Shago

Shekara ashirin da shida ina rubuta allunan shaguna a Aboabo,
burushi a hannu, gwangwanin fenti a gindin tsani.
Abin da aka rubuto min a takarda shi nake ɗorawa a katako,
harafi bayan harafi, kamar mai jera tubali.
Hannuna ya daɗe da iya Turanci,
bakina ne bai taɓa fita daga Zango ba.

Issaka mahauci ya kawo aiki: meat.
Na ja e, na ja a, na ba su jan launi irin na tsoka.
Ya ce “mit” ake faɗa, a ja ta ta yi tsawo.
Na ce na riƙe:
duk inda tagwayen nan suka tsaya, “i” ce.

Kwana uku, sai ga Memuna mai burodi da tata takardar: bread.
Na gyara murya a gaban ’yan tasha, na ce “birid”.
Yaron tirotiro ya yi dariya
har canjin fasinja ya zube masa a kwata.
“Bired,” in ji Memuna, tana kare baki da gefen mayafi.
Haba jama’a!
Su ne fa na shekaranjiya,
fentinsu ko gama bushewa bai yi ba a allon Issaka.

Da la’asar direban Bolga ya ce in sa masa great a goshin mota.
Na yi gum, na bar shi ya fara furtawa.
“Gireit.”
Su ne dai, sun sake riga ta uku.

Da dare na zaunar da Adiza, autata,
maƙwabta na kirɓa fufu a tsakar gidan haya.
Na ce, warware min wannan ƙulli.
Ta ce malaminsu ya ce in wasali biyu sun jeru
na gaba ke magana, na baya ya kame baki:
goat, rain, haka.
Na ce madalla, tarbiyya ke nan,
ƙane ba ya tarar numfashin wa.
To a motar Bolga wa ya yi magana?
Ta sosa ƙeya, ta ce ƙanen.

Sai ta zano min o biyu, zuru-zuru kamar idon mujiya.
A food sun ce “u”,
a blood sun ce “a”,
sai a door suka tuna sunan yankansu.

Na ce ki tsaya nan.
Mu da muka tashi da wasali bisa, wasali ƙasa da rufu’a,
kowanne maganarsa ɗaya, ko gaban alƙali.
Wannan kuwa harshen ’yan damfara ne.

Ba ta tanka ba.
Ta ɗauko gawayi daga bakin murhu,
ta rubuta a siminti: gari.
“Baba, karanta.”
Na ce gari mana, kamar Kumasin nan.
Ta ce a’a, wanda ake barbaɗawa a kan wake da shinkafa nake nufi.
Ta ƙara: fari.
“Na gwangwaninka, ko wanda ke ƙone gona?”
Taɓaryar maƙwabta ta sauka sau bakwai ban ce uffan ba.
Ashe mu ma kunne ke mana jagora,
takarda rakiya kawai take yi.

Yanzu bayan ƙofar shagona ya cika da layuka.
Na yanka wa kowace murya fili:
meat na zaune da seat,
bread ya samu head maƙwabci,
great da break a lungu su kaɗai, ba sa shiga sabgar kowa.

Gobe akwai aikin wata mai kitso a Asawase.
Ta aiko da takarda: beauty.
Wannan karon su uku ne a jere, kafaɗa da kafaɗa.
Zan wanke burushi da kananzir,
in gaishe ta, in tambayi lafiyar yara,
in bari ita ta fara faɗa.