Zaren Gilashi

A Burnley ruwan sama ba ya sallama,
kana fitowa ka tarar ya riga ka zuwa aiki.
Ƙarfe bakwai na ɗaga murfin rami a bakin titi,
na durƙusa kamar mai neman allura a rijiya.
Sana'ata ke nan, jan zare.
Zaren gilashi ne, bai kai kaurin gashin wutsiyar saniya ba,
amma ta cikinsa, in ji su, duniya ke wucewa.

Gida mai lamba sha huɗu, shuɗiyar ƙofa.
Tsohuwar ta ce sunanta Maureen.
Ta ba ni shayi, ta ce likita ya hana ta sukari.
Na ga gwangwanin wayam, na yi shiru.
Jikanta, ta ce, a gindin bangon laburare yake aikin makaranta
bayan an kulle, hannu na rawa don sanyi,
yana tsintar intanet
kamar mai kala a gonar da aka girbe.
Ashe talauci ma ya iya Turanci.

Ina huda bango ina tuna ƙanena Sallau
da surin nan na bayan gari,
inda yakan hau ya miƙa waya sama kamar mai roƙon ruwa.
Sanda ɗaya ta leƙo, ta koma.
In ce, "Yaya jikin Inna?"
Ya ce, "Ai jikin..."
Shi ke nan, kati ya ƙone,
in kwana ina ƙarasa maganar da kaina.

Bara aka kafa ƙarfen sabis a bayan firamare.
Yanzu yayarmu Tabawa, kafin ta kwance bakin buhun zoɓo,
sai ta duba yadda kasuwa ta tashi jiya a Dawanau.
Dillalin da ya shekara goma yana yanka mata farashi
ya zo ya faɗi nasa.
Ta juya masa fuskar waya.
Ya yi tari, ya gyara hula, ya ƙara dubu huɗu a buhu.
Da su aka sayi kwano aka rufe ɗakin Inna.
Abin da nake turawa ya daina kwana a aljihun direba,
kafin in ɗaure takalmi ta ce, "Sun shigo."

To, kada in yi maka daɗin baki.
Rijiya ta bayar, guga bai hana ba,
amma igiyar da kuɗi ake saye.
Data na cin mudu uku na gero duk wata, ba ta ƙoshi.
Mudi, ɗan Tabawa, ya zuba kuɗin akuya a cacar ƙwallo
kan ƙungiyar da filinta ga shi can,
tafiyar minti goma daga inda nake durƙushe.
Aka ci su biyu da nema.
Wata murya mai zaƙi ta kira Inna, wai daga banki,
a karanto mata lambobin bayan kati.
Ranar rashin boko ya yi mana rana.

Koriyar fitila ta kama a jikin akwati.
Maureen ta ce, "Nawa ka ce a wata?"
Na sake faɗa.
Ta lissafa da yatsu, leɓe na motsi,
ta tashi ta rage na'urar ɗumama ɗaki,
ta ce yaron dai zai zauna a kujera yau.

A mota waya ta yi ƙugi.
Tabawa ce, fuskarta tar, har tsagar kumatu.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta ɗaga wayar sama, ta ce, "Ilu, saurara."
Ruwan farko ne ke dukan sabon kwano.
Na kashe injin.
Nawa ruwan na sauka a gilashi, nata a rufi,
na zauna tsakaninsu
har mai gida ya kira ya ce saura gida shida.